Gefen Hagu na Bencin Malama Ladi

Wata Asabar ta damina, shekarar da muka shiga aji huɗu a Jos, Baba ya aike mu gidan Malama Ladi da bencin da ya gyara mata, ni da Usaina da aka haife mu tare, wadda a lokacin duk unguwa ke kira Usaini. Ruwa ya tsare mu a falonta. Tsohuwar malamar kiɗa ce mai faɗan tsiya, da wani baƙin piyano da ya cinye rabin ɗakin. Ni ina ta leƙen kwanon gyaɗarta, Usaina kuwa ta danna farin maɓalli ɗaya ta tsaya kamar an kira sunanta. Malama ta dube mu ta ce tunda Allah ya kawo mata tagwaye, to mu zauna, ni a hagu, ita a dama.

Daga ranar, da mun ja ruwa a rijiya mun zuba wa awakin Inna dusa, sai mu sulale can. Waƙa guda ta koya mana ta mutum biyu. Nawa ɓangaren mai kauri ne, ana ta maimaita shi kamar daka, na Usaina shi ne mai zaƙi da ke yawo a sama. In na yi gaggawa don in koma langa, Malama ta buge mini yatsu da fensir ta ce, "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka." Usaina ba ta taɓa shan fensirin nan ba, kuma hakan ya daɗe yana ba ni haushi.

A waje kuwa ba ta samun sauƙi. Ta fi son carafke da 'yan mata, ta kan ɗaura ɗankwalin Inna in babu kowa. Yara suka sa ta a waƙa, na sha dambe saboda ita, wani lokacin kuma na yi kamar ban ji ba don na gaji. A kan bencin nan ne kaɗai ba wanda ke tambayarta ko ita wace ce.

Malama ce ta nema mata karatun kiɗa a ƙasar waje. Bayan shekaru labari ya iso gida cewa tana kiɗa a manyan zauruka, tana koyar da yara, kuma yanzu a matsayin mace take rayuwa, sunanta Usaina. Baba ya ce kada a sake ambatonta a gidansa. Na bi maganarsa, har ya rasu ban daina bi ba.

Yanzu ni ma ina ƙasar waje, direba ne a wani gida a unguwar Al Aziziya. Akwai piyano a falonsu, an lulluɓe shi an jera turaruka a kai. Da zafi ya matsa masu gidan suka yi tafiya, aka bar ni da makulli da ƙarar na'urar sanyi. A makon ne bidiyon Usaina ya shigo wayata. Ta zauna a can gefen dama na benci a gaban piyano, furfura ta fara fito mata daidai inda tawa ta fito, ta kaɗa nata ɓangaren ita kaɗai. Da ta gama ta dafa inda babu kowa ta ce, "Hassan, wajenka na nan."

Na kwana uku ina juya wayar. Kewarta nake yi, kuma tsoron bakin 'yan uwa nake ji. Rana ta huɗu bayan la'asar na kwashe turarukan, na zauna a hagu, na kunna bidiyon. Yatsuna sun yi tauri da sitiyari, na yi gaggawa kamar da, ba kuma mai buge ni. Na ɗauki kiɗan nawa na tura mata a haka, na ce, "Usaina, ga nawa."

A da benci ɗaya ya ishe mu, yau teku ne tsakaninmu. Amma ranar waƙar ta cika.