Hagu Kaɗan, Atiku

Duk wanda ya san layin masu gyaran waya a Gummi ya san shagon Almustapha, ko da bai taɓa shiga ba. Shi ne mai koren ƙyaure, wanda gurbin allon da aka cire yake nan saman ƙofa. Yanzu gyaran firinta yake yi da buga wa mutane takardu. Siriri ne mai tabarau, shekarunsa sun kusa arba'in, kuma in ka gaishe shi zai amsa ya ci gaba da aikinsa. Waɗanda suka san shi da can su ne ke mamaki, don a da in Almustapha ya buɗe baki, kai ne za ka nemi hanyar sulalewa.

Haifaffen Bukkuyum ne. Ya yi karatun kwamfuta, ya dawo gida da takarda da surutu da wata dabara guda da ta hana shi zama. Ya lura cewa ɗan kasuwa mai shago a nan da sito a can sai ya tura mutum a kan babur don a tambayo abin da bai fi kalma uku ba. A asibiti kuwa, katin mara lafiya sai ya ɓata tsakanin ɗakin likita da ɗakin magani, a bar mai ciwo a benci ana kwance tarin takardu. Shi ya ce zai haɗa kwamfutocin ma'aikata guda su riƙa magana da junansu, ba ruwansu da intanet, ba ruwansu da kamfanin waya. Sadarwar cikin gida yake kiran abin. Matsalar ɗaya ce: aikin yana son a hau sama a kafa ƙananan farantai irin na talabijin, shi kuwa gwanin namu ko taki uku ya yi a tsani sai jiri ya ɗebe shi.

A nan Atiku ya shigo. Mutumin 'Yargalma ne, kakkaura, mai ɗan gemu, bai gama sakandare ba. Niƙan dutsen zinari ya fara yi, har shekarar da gubar dalma ta shiga gidajensu ta ɗauke masa ƙanne biyu. Mahaifiyarsa, Inna Tabawa, ta sa ya rantse ba shi ba dutse, suka tattara suka dawo Gummi, ita tana suyar ƙosai a ƙofar gida, shi yana kafa wa mutane farantan talabijin. Almustapha ya hango shi wata rana a kan rufin kwano yana tafiya kamar a tsakar gida, ya tsaya a ƙasa yana yi masa lacca har ya sauko. Atiku ya ce bai gane rabin maganar ba, amma in hawa ne, a bar masa.

Suka sa wa kamfanin suna Haɗin Gida. Atiku yakan ce kamfani ne mai ma'aikata biyu da babur ɗaya: manaja a baya, leburan manaja a gaba. Wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a Anka ne ya fara ba su aiki, sai mai sayar da magani a Bukkuyum, sai wata makaranta, sai Alhaji Muntari mai injin casar shinkafa a Gummi. Ba su yi arziki ba, amma sun yi suna. Inna Tabawa ta ɗauki Almustapha ɗa na biyu, "ɗana mai gilashi" take ce masa, ta kuma sha alwashin sai ta ga ranar da ya yi ƙiba.

Yadda suke aikin shi ne abin da ya kamata a gane. In za a haɗa gini biyu masu nisa, sai a kafa dogon ƙarfe a kowanne, a ɗaura faranti, farantan biyu su kalli juna ido da ido. Da zarar sun ɗan hango juna, murya na iya wucewa ta tsakaninsu. Sai Atiku ya hau ƙarfe guda, waya a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, Almustapha kuma ya zauna a ɗaya ginin yana kallon ƙarfin sadarwar a kwamfuta, yana ba shi umarni: dama kaɗan, sama kaɗan, ya yi yawa, koma. Atiku na juyawa yana tsokanarsa, wai mai tsoron tsani ne ke koya wa mai hawa hannun dama da hagu. Shekara shida suna haka, har in Almustapha ya yi gyaran murya Atiku ya san wajen da zai karkata.

Sai shekarar 2021 ta zo, aka katse sabis ɗin waya a Zamfara saboda 'yan bindiga. Kowa wayarsa ta koma tocila. Mai son jin muryar ɗansa sai ya yi tattaki zuwa wata jiha. Amma a asibitin nan na Anka katin mara lafiya na nan yana fitowa a kwamfutar likita, a injin Alhaji Muntari kuma saƙo na zuwa daga ofis zuwa wurin masu awo. Ba wani abin al'ajabi ba ne, tun asali abin bai taɓa bi ta kamfanin waya ba. Sai dai mutane ba su san haka ba, Almustapha kuma, Allah ya yafe masa, bai so su sani ba.

Daɗin abin ya kwashe shi. Shekara shida ana yi masa kallon mai yawan turanci, yau ga manyan 'yan kasuwa na sallama a ƙofar shagonsa. In an tambaye shi yadda nasa ke aiki alhali na gwamna ma ya mutu, sai ya gyara tabarau ya ce sirrin sana'a ne, su ba a kashe musu sabis ba. Ya faɗa a majalisa, ya faɗa a wurin mai shayi, ya faɗa har a zaman ɗaurin aure. A lokacin kuwa gari cike yake da waɗanda aka kora daga ƙauyuka, kowa na da wanda aka kashe masa, kuma ba kalmar da ta fi yawo a baki irin infoma, wato mai kai wa 'yan daji rahoto.

Atiku ne ya fara jin tsoro. Ya same shi a shago ya ce, "Malam, ka bar wasan ga. Ka hwaɗa ma mutane yadda abin ga yake, garin ga ba lahiya." Almustapha ya yi dariya, ya ce in kowa ya san sirrin, wa zai ƙara girmama su? Ya kuma tsokane shi, wai mai hawa ƙarfe ne ke tsoron ƙasa.

A watan Oktoba Alhaji Muntari ya gama sabon sito a bakin gari, ya ce a haɗa shi da injin, wanda ke can ƙetaren fadama. Ranar Talata ce da hantsi. Almustapha ya zauna a ofishin injin, Atiku ya hau ƙarfen da ke kan siton. Kwana huɗu kafin nan an kai hari wani ƙauye da ke kusa, waɗanda suka tsira suna zaune a inuwar gidajen unguwar, samarin unguwar kuma suna sintiri da sanduna. Abin da suka ɗaga kai suka gani shi ne mutum a saman ƙarfe, ya juya wa gari baya, ya saita faranti wajen daji, yana magana a waya a garin da wata guda ba wayar da ta yi ƙara.

Almustapha yana cewa, "Hagu kaɗan, Atiku," sai Atiku ya katse shi. Ya ce akwai mutane a ƙasa, bari ya sauka ya yi musu bayani. Bai kashe wayar ba. Almustapha ya ji takun saukarsa, ya ji wata murya ta tambaye shi da wa yake magana, ya ji Atiku ya amsa da gaskiyarsa cewa da maigidansa ne, yana can ƙetaren fadama. Wani ya ce ai su ne masu sabis ɗin da ba a kashe ba, manajansu da bakinsa ya faɗa. Almustapha ya dinga kururuwa a ba su wayar, a ba kowa wayar, shi ne, ɗan gidan wane ne na Bukkuyum. Ba wanda ya ɗauka. Ya ji abin da ya biyo baya har wayar ta mutu.

Babur ɗinsu ba mai a lokacin, don man ma ya yi wuya. Da ƙafa ya ratsa fadamar, takalmi ɗaya ya maƙale a laka bai tsaya ba. Kafin ya iso wasu dattawa sun raba, an ɗauki Atiku zuwa asibiti. Bai farfaɗo ba. Washegari bayan la'asar ya cika, Inna Tabawa na riƙe da ƙafarsa.

Jana'izar ba ta cika sahu biyu ba. Wannan ya fi komai cin ran Almustapha, don Atiku mutum ne da babu rufin da bai hau ba a unguwar. Jami'ai sun kira Almustapha sun yi masa tambayoyi, Alhaji Muntari ya je ya ba da shaida, aka sallame shi. Amma shaidar a ofis ta tsaya, ba ta fito titi ba. A titi Atiku infoma ne. Mai magani na Bukkuyum ya aiko a zo a cire masa faranti, makarantar ma haka. Inna Tabawa ta koma suyar ƙosai bayan kwana bakwai, ta zauna tun safe har man ya huce, ba yaron da aka aiko. Maƙwabtan da take ba wa bashin gishiri suka riƙa sauya hanya. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ta dai daina hura wutar.

Daga nan Almustapha ba shi da wani aiki sai na wanke sunan Atiku. Ya bi majalisu yana bayani, ana gyaɗa masa kai ana kallon gefe, don wanda ya ce sirri ne jiya ba a saurin yarda da shi yau. Sai ya gane baki ba zai yi ba, sai an gani da ido. Kuma lokaci na ƙure masa, domin an fara raɗe-raɗin za a dawo da sabis. Ranar da wayar kowa ta yi ƙara, nuna wa mutane waya mai magana ba zai ƙara zama hujjar komai ba.

Ya je wurin limamin unguwar ya roƙi izini. Ranar Juma'a da safe ya kafa ƙarfe ɗaya kusa da masallaci, ɗaya a ƙarshen layi, daidai ƙofar gidan Inna Tabawa. Ba wanda ya yarda ya hau masa, don haka shi ya hau. Masu wucewa sun gan shi rungume da ƙarfe, ido a rufe, yana lalubar kusoshi. Da a ce wata rana ce, da an yi shekara ana ba da labarin ana dariya.

Da aka sallame salla ya miƙe ya faɗi abin da ya kamata ya faɗa tun watanni biyu. Ya ba liman waya guda, ya tura wani dattijo ƙarshen layi da ɗayar, suka gaisa, jama'a na ji. Sannan ya sa sanda ya kawar da farantin gefe, muryar ta yanke nan take. Ya mayar, ta dawo. Ya ce iyakar abin ke nan, daga wannan faranti zuwa wancan, ba ya zuwa daji, ba ya zuwa ko'ina. Ya ce shi ne ya ɓoye wannan don a ce masa gwani, Atiku kuwa ya gargaɗe shi. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu samari suka zame ta baya. Liman ya ɗaga hannu ya yi wa Atiku addu'a da sunansa, amin ɗin kuma ta yi ƙarfi.

Inna Tabawa na tsaye a zaurenta, ta ga komai. Almustapha ya taka har can ya karɓi wayar daga hannun dattijon, ya durƙusa ya miƙa mata. Ta kara a kunne, ta ji muryar liman yana yi mata ta'aziyya daga wurin da take hango rawaninsa. Ta saurara har ya gama, ta juya wayar a hannu tana dubawa.

"Iyakatai ke nan?" ta tambaya.

"Iyakatai ke nan, Inna."

"Abin ga da ka gwada ma mutane yanzu, ko rabin awa bai ci ba." Ta miƙa masa wayar. "To mi ya hana ka hwaɗi tun hwarko, Almustapha?"

Bai taɓa jin ta kira shi da sunansa ba sai ranar. Ta shige gida ta bar shi a durƙushe.

Sunan ya wanku. Yau in an ambaci Atiku, marigayi mai faranti ake cewa, a bi da addu'a. Layin ƙosan Inna ya dawo, har da iyayen wasu daga cikin samarin nan. Sabis ya dawo, masu cewa a cire faranti suka aiko a mayar, amma Almustapha ya riga ya sauke allon Haɗin Gida ya jingine shi a bayan shago. Duk Juma'a yana zuwa gaishe da Inna. Tana amsawa, tana sa masa albarka, ba ta dai ƙara ce masa ɗana ba, shi kuma bai ga laifinta ba.

Farantin siton Alhaji Muntari na nan inda Atiku ya bar shi. Yana aiki, sai dai saƙo na jan ƙafa kafin ya ƙetare fadama. Sau uku Alhaji na aikowa a zo a duba, Almustapha na cewa yana tafe. Ba sai ya duba ba, ya san abin da ya rage. Hagu ne kaɗan, kuma har yau bai je ba.