Birkin da Kawu Yake Takawa

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, koyar da tuƙin mota yake yi, kuma a unguwarmu ba mai kiransa da sunan yanka. Ba Komai ake ce masa. Ɗalibi zai haye kwalbati, Kawu ya ce, "Ba komai, dawo baya." Wata za ta goge madubi a jikin katanga, ya ce, "Ba komai, katangar ce ta matso." Ni ma a hannunsa na koya, lokacin da na gaji da makaranta, ko ita ta gaji da ni, har yau ba a tantance ba. Ranar farko na nufi teburin mai lemo gadan-gadan. Kawu ya fizgi birkin hannu, ya leƙa ya dubi mai lemon da tuni ya tsallake kwata, ya yi murmushi. Ka san abin da ya ce.

Motarsa tsohuwa ce fara, irin ta kowa, birkinta ɗaya ne a gefen direba. Abokan sana'arsa duk sun sa birki na biyu a gefen malami. Kawu ya ƙi. Wai cin fuska ne ka zaunar da mutum a kan sitiyari kana nuna masa ba ka yarda da shi ba. Haka ya yi shekara da shekaru a kujerar gefe, hannu a kan birkin hannu, fuska cike da fara'a.

Abu ɗaya ne ke ba mutane mamaki, takalminsa. Ƙafar dama kullum a cinye, ta hagu kuwa kamar jiya aka saya. Mai gyaran takalma na bakin titi har ya saba.

"Malam, wai kai da ƙafa ɗaya kake tafiya ne, ɗayar kana goya ta?"

Ciwon ya fara da faɗuwar gaba. Zuciya ta kama dukan uku-uku, ƙirji ya ɗaure kamar an ɗora masa buhun siminti, can sai ya sake shi. Bai gaya wa kowa ba, domin kakanmu da hannu a ƙirji ya rasu, kuma Kawu ya riga ya gama lissafinsa cewa layi ya zo kansa.

Asirin ya tonu ne a hannun wani sabon ɗalibi, mai gidan burodi. Ƙaton mutum ne mai raha, amma ba ya iya magana sai da hannu biyu. Ran nan ina kujerar baya, na roƙi a rage mini hanya. Muna shiga shataletale Mai Burodi ya saki sitiyari don ya nuna mana faɗin sabon injin kwaɓinsa. Mota ta miƙe sai bayan wata tifa. Kawu ya ja birkin hannu, muka tsaya ƙiris ya rage.

"Ba..." in ji Kawu.

Bai ƙarasa ba. Gumi ya wanke masa fuska, ya dafe ƙirji, yana neman numfashi. Na ture Mai Burodi gefe, duk girmansa, na karɓi sitiyari sai asibiti.

An manna masa wayoyi a ƙirji, an ɗibi jini, an sa shi tafiya a kan wani inji har ya yi haki, aka ce mu dawo jin sakamako. Da muka isa gida ya kira ni ɗakinsa.

"Kai ja'iri, ka san dillalai. Nemo mini mai sayen motar nan."

"Kawu, wa zai sayi wannan? Ko gidan tarihi sai an roƙe su."

Bai yi dariya ba. "Ba zan faɗi a kan titi da ɗan mutane riƙe da sitiyari ba. Na daina."

Nan na san abin ya kai. In ka raba Kawu da kujerar nan, ban san wa zai rage ba.

Ranar sakamako muka tafi mu uku da matarsa, wadda nake kira Anti. Likitar ta duba takardu, ta ce duk gwajin da aka yi bai nuna ciwo a zuciyarsa ba. Maimakon ya yi murna, sai Kawu ya ɓata rai.

"Wato ƙarya nake yi ke nan?"

"A'a, Baba, ciwon da kake ji gaskiya ne. Mafarinsa nake nema. Yaushe yake zuwa?"

"Ba shi da lokaci."

"Yana da shi, ai ina lura da kai," in ji Anti. "Ranar da ba ka fita aiki ba, ba ya zuwa. Malam, cire takalminka."

"Haba, a gaban mutane?"

Ba ta jira ba, ta sunkuya ta zare na dama, ta juya shi a kan teburin likita. Ni kuma bakina ba ya riƙe magana, na ce ai wannan kaɗan ne, ta zo ta ga shimfiɗar robar da ke gefensa a mota. Ya huda ta, ya fara cin ƙarfe, saura kaɗan mu riƙa hango kwalta.

Likitar ta dube shi. "Baba, me kake takawa a wurin?"

Kawu ya kalli yatsun ƙafarsa. "Birki."

"Akwai birki a wurin?"

"Babu."

Ba ta yi dariya ba, ni na yi mana duka. Ta ce jikin mutum in ya ga haɗari yakan shirya gudu ko kokawa, zuciya ta ƙara sauri, naman ƙirji ya ɗaure. Shi kuwa Kawu daga safe zuwa yamma jikinsa na ganin haɗari, ba abin da zai iya yi a kai, bakinsa kuma na cewa ba komai. Ta ce ya riƙa hutawa tsakanin ɗalibi da ɗalibi, ya rage gahawar da yake ɗirka, ta koya masa jan numfashi a hankali. Ta ja masa kunne cewa in ciwon ya canza salo ko ya ƙi tafiya, ya dawo nan take, kada ya ce damuwa ce kawai.

"Maganar birki kuwa ba fannina ba ce," in ji ta. "Ku ga bakanike."

A gida Kawu ya so ya dawo da zancen cin fuska. Anti ta ɗaure makullin mota a bakin zaninta, ta ce in ya ga dama ya kira dillalin, ita za ta yi masa bayani. Washegari ni da ita muka kai motar gareji.

Wanda ya fara shiga bayan gyara Mai Burodi ne, ya zo da fuskar mai laifi da leda cike da burodi. Na sake maƙalewa a baya, don wannan kallo ba ya wuce ni. Tafiya ta yi tafiya, labari ya yi daɗi, hannuwa suka tashi sama. Cak, mota ta tsaya.

Mai Burodi ya leƙa ƙafafunsa. "Ni ban taka komai ba fa."

"Ni na taka," in ji Kawu. Ya ja numfashi, ya sauke a hankali, ya juyo. "Maigida, yau da magana. Sitiyarin nan ba kwaɓin fulawa ba ne da za ka bar shi ya tashi da kansa. Ka sake saki, ka sauka ka tafi gida a ƙasa."

Ban taɓa jin Kawu ya yi wa ko kaza tsawa ba. Mai Burodi ya damƙi sitiyari har jijiyoyin hannunsa suka fito.

"To, Malam."

Kawu ya ɗora tafin hannu a ƙirjinsa yana saurare, kamar mai jiran baƙon da ya saba zuwa. Baƙo bai zo ba. Ya fashe da wata dariya da na manta yana da ita.

"Sa giya mu tafi."

Mai Burodi ya ci jarrabawar lasisi, hannu biyu a kan sitiyari, baki a rufe. Kawu yana nan a kujerarsa, ɗalibai har layi suke yi. Faɗuwar gaban takan leƙo jefi-jefi, sai ya sa a faka a inuwa, ya yi numfashinsa, su ci gaba. Mutum ɗaya ne kawai bai ji daɗin lamarin ba. Duk sanda Kawu ya wuce, mai gyaran takalma sai ya ɗaga murya:

"Malam, wa ya raba mu ne?"

Kawu kan ɗaga masa ƙafar dama ta taga. A tsaye motar take, kar ka tsorata.