Malami Ɗaya Na Tarar a Bukkuyum

Mun tashi da asuba daga Gusau, ni da abokin aikina, kowa da jakarsa a cinya. Mu biyun malaman lissafi ne. Niyyarmu mu zaga Anka, Bukkuyum da Gummi, mu nuna wa 'yan'uwanmu malamai wata kalkuleta ta intanet: kana rubuta lissafi a waya, ita kuwa tana zana maka giraf ɗinsa, wato layin da ke nuna siffarsa, nan take.

Direba ya cusa mu huɗu a baya kamar buhunan gero. Kuɗin mota ya haura na bara, ramukan hanya ma sun ƙaru. Da muka shiga daji hira ta mutu, kowa ya zuba wa gefen titi ido yana jan tasbihi.

A Anka malamai sun zo, sai sabis ya ƙi zuwa. Na yi ta ɗaga waya sama kamar mai kiran kaji, har suka gaji suka watse. Nan kuma aka kira abokina cewa innarsa ba lafiya. Ya juya gida, ya bar ni da koko da ƙosan da muka saya tare.

Kashegari na isa Bukkuyum, ranar kasuwa. Ɗan kabu-kabu ya ratsa da ni ta tsakanin tulin dawa da wake, ya sauke ni a wata sakandare. Ajin da aka share mini babu kowa sai dattijo guda, hannun rigarsa fari fat da alli. Shi kaɗai ne malamin lissafin makarantar. Iyalinsa na wani gari, manyan ɗalibansa kuma sun tafi haƙar zinari wajen Duza.

Na ji kamar in ɗauki jakata. Amma mutumin ya riga ya goge mini benci.

Nan sabis ya yi mana mutunci. Na rubuta y = ax², layi ya fito a lanƙwashe kamar ƙwarya. Na ce ya sa yatsa ya ja lambar da harafin a ke wakilta ta koma ƙasa da sifili. Ya ja a hankali. Ƙwaryar ta buɗe, ta miƙe, sannan ta kife.

Ya mayar, ya sake ja.

"Malam," in ji shi, "tun ina da baƙin gashi nika gaya ma yara haka za ta yi. Ban taɓa ganin ta tana motsi ba sai yau." Ya waiga ya dubi bencinan. "To wa zan gwada ma wanga abu?"

Muka zauna har azahar, yana kawo tambayoyin da ya ce ya daɗe da su a ciki, ba wanda zai yi wa. Ya roƙe ni in kwana. Na ce gobe da sassafe ake jirana a Gummi, hanyar kuma ba a bin ta da yamma, shi ma ya sani. Ya raka ni tasha, yana tsaye har motarmu ta sha kwana.

A Gummi komai ya tafi daidai. Aji ya cika, ɗalibai mata suka yi ta shewa da layi ya kife. Bayan la'asar na sayi shinkafa da soyayyen kifi, na zauna kusa da fadama ina kallon masunta. Abincin ya yi daɗi, amma rabi na ci.

Na dawo gida lafiya, alhamdulillahi. Na fita ina zaton waya da data ne malamanmu na karkara suka rasa. Suna buƙatarsu, gaskiya ne. Amma abin da ya fi ci musu rai shi ne rashin wanda za su ce wa "zo ka gani". Yanzu duk Juma'a nakan kira dattijon. Wani lokaci sabis ya yanke mana tsakiyar lissafi, in na sake kira sai in tarar bai sani ba, yana ta bayaninsa.