Gurbi Ashirin da Huɗu na Malama Asenaca

Shekara goma sha ɗaya ina buga wa Malama Asenaca Rokotuni takardu a sashen kwamfuta na jami'armu a Suva, babban birnin tsibiranmu, kuma wallahi ban taɓa jin ta ce wa mutum a'a ba. Abin da ya ci ta ke nan.

Da aka ɗora mata sabunta tsarin digiri, darussa ashirin da huɗu aka ce ta jera cikin shekara uku. Ita burinta ɗaya ne, darasin shekarar ƙarshe, inda kowane ɗalibi zai koma tsibirinsu ya rubuta wa ɗakin shan magani ko makaranta manhajar da za ta yi aiki ko babu intanet. Ta gaji da yaye yaran da suka haddace littafi amma ba su taɓa gina komai ba.

To, mu nan idan mutum ya zo roƙo da ƙunshin saiwar kava, wadda muke jiƙawa mu sha, ita ce kamar goron girmamawa a wurinmu, ba a mayar da shi hannu rabbana. Shugaban sashen lissafi ya zo, ya tafi da gurbi uku. Na kasuwanci ya kwashi biyu. Har mai koyar da yawon buɗe ido ya samu! Kullum ina goge layi ina buga wani, raina na tafasa.

Na ce, "Malama, digiri kike tsarawa ko rabon kifi?"

Ta ce, "Ke dai buga, Litia. Nawa na nan."

Ranar Alhamis sai ga Kawu Peniasi, wan mahaifiyarta, wanda tun ina goye yake koyar da wani tsohon harshen kwamfuta da kowa ya watsar. Ya tuɓe takalmi, ya zauna a tabarma, ya ajiye ƙunshinsa.

"Ɗiyata, an ce darasina ba ya ciki. In ya fita, ni ma sallamata za a yi."

Na yi ta zare mata ido, ta ƙi kallona. Ta tafa hannu yadda al'adar karɓar kava take, ta karɓa.

Bayan ya tafi ta daɗe tsaye a kaina. Duk jerin nan, gurbi ɗaya ne kawai za a taɓa ba a ɓata wa kowa ba.

"Goge na ƙarshen."

"Haba Malama! Naki ne fa!"

"Na sani. To ni wa zan kai wa kava, Litia? Ni ce mai bayar da gurbin."

Na goge, na buga darasin Kawu a gurbin. Kwamiti ya amince da tsarin ba gyara ko ɗaya, don kowa ya ga nasa a ciki.