Ƙarfen da Ya Ƙi Karyewa

Tun tana ƙarama mutanen gida suke ce mata Azarɓaɓi, kuma ba sharri suka yi mata ba. Ta tsallake aji a firamare, ko shayi ba ta jira ya huce. Mahaifinta kuwa tela ne mai sanyin hali, wanda zai ɓata rabin wuni a kan wuyan riga ɗaya. Duk sanda ta wuce shi a guje sai ya ɗago daga kan keke ya tuna mata cewa sauri ya haifi nawa. Kafin ya rufe baki ta kai ƙofa.

Lokacin yaye ɗalibai shagonsa cika yake da rigunan digiri na 'ya'yan wasu, wannan a rage tsawo, wancan a ɗage hannu. Burinsa ɗaya ne a duniya: ya rage tsawon tata da hannunsa, don gajeriya ce, ya kuma gan ta a ciki.

Tana tsakiyar karatun injiniyan injuna likita ya ce idon tsohon yana tafiya, magani sai dai ya rage masa gudu. A daidai lokacin jami'a ta buɗe wa masu ƙoƙari wata hanyar yanke, digiri na farko da na biyu a haɗe, a samu ragin shekara guda. Azarɓaɓi ta ji ragi, ba ta ƙara jin komai ba. Gwanar lissafi ta haɗa jimilla daidai, ta manta da abin da ke tsakiya: a wannan tsari ba a ba mutum na farko sai ranar da ya gama na biyu. Riga ɗaya ce, tana can ƙarshe.

Bara abokanta da suka bi doguwar hanya suka sa rigunansu. Uban ne ma ya gyara wa wasunsu, yana kai allura har kusa da hanci, amma dai yana gani. Ita tana ɗakin gwaji.

Ɗakin a ƙasan bene yake, taga ɗaya can sama, ko'ina warin baƙin mai. Bincikenta a kan gajiyar ƙarfe ne. Ana ɗaura wa na'ura sandar ƙarfe mai kaurin yatsa, a rataya mata nauyi, ta yi ta juyawa har ta karye. Masu nauyi da yawa sun karye tuni. Saura ta ƙarshe mai ƙaramin nauyi, wadda malaminta ya ce sai an ga ƙarshenta kafin ya sa hannu. In wuta ta ɗauke, a sake da sabuwa daga farko, kuma wuta ba ta jin kunyar kowa. Malamin ba mugu ba ne, ya dai manta cewa ana tsufa a waje.

Ta je ofishin sashe ta roƙi a ba ta digirin farko, ta haƙura da na biyun. Magatakarda ya tausaya mata, ya ce sai dai ta koma ta yi darussan da aka yafe mata saboda yanken, shekara guda cur. Ta sauko ta zauna gaban na'ura, tana jin tsanar wannan sanda kamar mutum.

Kowane ɗalibin fannin ya san dabarar. Ɗan gogi kaɗan da zarto a tsakiyar sandar, wanda ido ba zai kama ba, kafin gobe ta karye. Ta ɗauko zarton, ta kai hannu har iskar juyawar tana taɓa yatsunta. Sai ta tuna wata rana wani zai yarda da sakamakon nan ya ƙera ƙarfen ƙafar mota, ya ɗora mutane a kai. Ta jefa zarton cikin durowa, ta kifa kai a tebur ta yi kuka mai isarta.

Da la'asar ta je shago. Ta tarar an lulluɓe keken da zane, tsohon yana zaune a bakin ƙofa. Ta tsaya gabansa, ya tambayi wace ce. Da ta yi magana sai ya yi dariya, ya ɗora wa hasken rana laifi. Ya miƙe ya laluba kafaɗarta, ya fara auna ta da tafin hannu, daga kafaɗa zuwa gwiwa, yana motsa baki.

"Saura kaɗan, Baba," in ji ta.

"Na sani." Hannunsa bai bar kafaɗarta ba. "Duk rayuwarki ina ce miki ki bi a hankali. To yau, 'yata, in da hali, ki ɗan yi sauri."

Washegari ta koma ƙasan bene. Sandar tana nan tana juyawa, sumul, ko tsagi babu. Ta jawo kujera ta juya wa durowar baya, ta zauna.