Neman Tarwaɗa Mai Rai, Daga Sule Tankarkar Zuwa Gagarawa

Laraba: Gumel

Na bar gida ƙarfe biyar da kwata, ina idar da sallar asuba, da garwa biyu babu komai a ciki da ƙunshin fura. Ga abin da ya fitar da ni. Bayan shekarun fari, Dagaci ya ba mu, mu matan ajin yaƙi da jahilci, kududdufin bayan gari inda ake haƙar ƙasar tubali. Muka tare bakinsa, malamin gona ya zuba mana karfasa da 'yan tarwaɗa. Wata rana na feɗe tarwaɗa ɗaya, na tarar da cikinta dam da 'ya'yan karfasa. Na ce ɓarauniya muke kiwo. Na sa aka kwashe su kaf, muka sha miya kwana uku. Ba wadda ta musa, don ni ba a cika musa mini ba. Wata biyar bayan nan karfasa ta cika ruwa, amma ba wadda ta wuce tsawon yatsa. Ƙaguwa kuma ta yaɗu, ta huhhuda gaɓar da muka tare kamar rariya, ruwa na tsiyaya. Dagaci ya ce in ban kawo magani kafin la'asar ta Asabar ba, zai mayar wa masu tubali raminsu.

Motar akori-kura ba ta cika ba sai bakwai da rabi. Tafiyar da ba ta kai mil ashirin ba ta ci mana awa biyu, don sau biyu muka sauka aka tura ta cikin yashi. A Gumel na sami malamin gona a ofis. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce tarwaɗar da na cinye ita ke cin ƙaguwa, ita kuma ke rage karfasa har sauran su sami abin ci su girma. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa tun farko. Ya ce ya faɗa, ina tsaye ina wa mata faɗa a lokacin. Shi ba shi da tarwaɗa ko ɗaya, sai dai in gwada kasuwar Maigatari. Na kwana gidan Talatu, ƙanwar marigayi maigidana. Tuwon gero da miyar kuka.

Alhamis: Maigatari

Mun tashi ƙarfe shida a babbar mota, ni da buhunan gero da awaki huɗu. Kafin shiga gari ma'aikacin kwastan ya tsayar da mu, ya ƙwanƙwasa garwata da sanda.

"Iya, me ke ciki?"

"Iska ce, ɗana. In ana biya mata haraji ka faɗa."

Ya yi dariya ya ce mu wuce. Ni ban yi ba.

Na zaga rumfunan kifi daga takwas har rana ta take. Banda ce tuli guda, baƙa ƙirin, ba mai motsi. Wani mai kifi daga Damagaram ya ce kifi mai rai ba ya zuwa kasuwa irin wannan, in nufi Gagarawa in tambayi Malam Habu masunci, yana ajiye tarwaɗa a rami bayan gidansa. Wato na yi arewa, abin nema yana kudu. Na ci ƙosai na kwabo biyar a tsaye, na koma Gumel ƙarfe huɗu, ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi fita. Talatu ta ce, "Yaya, ki bar musu ramin mana, ki huta." Na ce ta miƙo mini ruwan zafi kawai.

Juma'a: Gagarawa

Mota ɗaya ce ta nufi can, ta sauke ni sha ɗaya da rabi. Malam Habu ya tafi masallaci da wuri, na zauna da matarsa har biyu da rabi. Dattijo ne gajere, ba ya gaggawar magana. Na ba shi labarin kududdufinmu. Da ya jawo koma daga ramin, na nuna manya, irin masu kaurin damtse. Ya girgiza kai.

"Waɗannan za su share miki ruwa cikin wata guda, karfasa da ƙaguwa duka. Da kin kwashe masu ci, yanzu kuma kina so ki zuba mayunwata."

Na bar masa zaɓi. Ya zaɓo mini goma sha huɗu masu tsawon tafin hannu. Ya ce kada in cika garwa, ruwa ya rufe bayansu kawai. Kada in rufe bakin garwa, kada in ba su abinci, kada rana ta doke su. In sun girma a riƙa cire manyan ana barin matsakaita. Na sa ya maimaita, na rubuta a bayan takardar karatuna. A ɗakin matarsa na kwana, garwa biyu a gefen tabarma.

Asabar: gida

Ƙarfe shida da rabi muka tashi. Direba ya ce a ɗaure garwa a saman mota. Na ce sai dai a ɗaure ni tare da su. Ya ce, "Iya, wallahi kin fi kifin wahalar ɗauka." Na zauna da su tsakanin ƙafafuna, na lulluɓe da jiƙaƙƙen zane. Duk ramin da muka faɗa sai ruwa ya fallatsa wa wani mai farar riga, ya yi tsaki har Gumel. A can na tarar da tarwaɗa biyu sun juya ciki sama. Na jira mota awa uku a inuwar darbejiya, ɗaya ta ƙara mutuwa a cikin yashin hanyarmu.

Na sauka Sule Tankarkar uku da minti goma, ban biya gida ba. Mata na bakin kududdufi, masu tubali na zaune gefe da galma da kwanduna. Dagaci ya zo bayan salla, ya leƙa garwa.

"Uwani, ba irin waɗanda kika ce ɓarayi ba ne?"

"Su ne, ranka ya daɗe."

"Za su ci karfasarku fa."

"Za su ci. Ni na yi kuskure, ba su ba."

Wasu matan suka kalli juna, don ba su taɓa jin haka daga bakina ba. Na karkata garwa, goma sha ɗaya suka sulale cikin ruwa. Dagaci ya daɗe yana kallon gaɓar, sannan ya ce ya ba mu zuwa faɗuwar damina, amma mu toshe ramukan ƙaguwa da hannunmu. Masu tubali suka ɗauki kwandunansu.

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni, na gode wa Talatu da Malam Habu da iyalinsa. Matan aji kuma, gobe da hantsi kowace ta zo da kwandon yumɓu. Ni zan zo, amma a zaune zan yi aiki.