Goni Mai Walda da Kejin da Na Yi wa Dariya

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 17 ga Maris 1998, da hantsi, ina tasha ina ɗaure kaya aka zo aka ce mini Allah Ya karɓi ranka, Goni mai walda na unguwar Barade, bayan jinyar kwana tara. Na saki igiyar na zauna a ƙasa. Ni ne Abbo direba, wanda ya fi kowa yi maka tsiya a Jalingo, kuma ya fi kowa cin moriyar hannunka.

Shekara biyar ke nan da na kawo maka tsohuwar Landirobata mai rufin tamfol don ka liƙe mini ƙofa. Ka zagaya ta sau biyu, ka tambayi inda nake bi da ita. Da na ce Gembu, sai ka ce mai hawa dutsen Mambila da tamfol kaɗai a kan mutane, ba ka san abin da zai gaya wa Allah ba ranar da mota ta kife. Ka ce sai an kafa mata ginshiƙan ƙarfe daga ciki, a haɗa su ta sama, yadda ko ta juya babu abin da zai danne kowa.

Don in rabu da kai na yarda. Na tsinto guntayen bututun famfo na kawo. Ka ɗora ɗaya a kan dutse, ka sakar masa guduma, ya lanƙwashe. Ka ce, "Wannan na ruwa ne, Abbo. Kai ruwa kake ɗauka ko mutane?" Da kanka ka nemo ƙarfe mai kauri. Ka zaunar da ni a kujerar direba da doguwar hulata, ka auna dunƙulen hannu tsakaninta da ƙarfen, wai ka san ko a mota ba na cire ta. Ƙarƙashin kowane ginshiƙi ka shimfiɗa farantin ƙarfe don kada ya huda ƙasan motar. Kwana shida ka yi a kan aikin.

Da na shiga tasha da ita, ni na fara kiran aikin naka kejin kaji don kada a riga ni. Sunan ya bi ka har masallaci, ba ka taɓa tanka mini ba.

A daminar 1994, muna gangarowa wajen Mayo Selbe, birki ya ƙwace mini. Sau uku muka wuntsila. Mu tara ne a ciki, har da matata Rauda da cikin wata bakwai. Tamfol ya yayyage, gilashi ya tarwatse, amma ƙarfenka bai durƙusa ba. Mutum ɗaya ne ya karye a hannu.

Da aka jawo motar na zo maka da godiya cike da baki, ko kallona ba ka yi ba. Ka rarrafa ciki, ka yi ta shafa mahaɗai har ka sami wadda ta tsage, ka wuni kana fushi da kanka. Daga ranar ka ƙara wani ƙarfe a gicciye, ka kira masu walda na unguwar Sintali ka nuna musu komai, ba ka ɓoye ba. Yau da wuya motar tamfol ta hau dutsen nan daga tasharmu babu keji, kuma waɗanda ka koya wa suna nan suna yi. Wannan ne yake sanyaya mini rai, ko da yake ina kewarka ƙwarai.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya yalwata maka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Malama Kadijatu da 'ya'yanka da duk jama'ar Barade, Allah Ya ba ku haƙuri. Malama, ranar sadakar bakwai zan zo miki da wata baƙuwa. Sunanta Albarka, shekararta uku da rabi, kuma ita ce cikin nan na wata bakwai.